Wane Ne Kai Ranar Talata?

Karatu: Luka 3:7-17, Amos 8:4-7



Duk wanda ya zauna a Kawo ya san ranar Talata daban take da sauran ranaku. Tun da asuba motoci suke sauke kaya a kasuwa: buhunan masara da dawa da wake, kwandunan tumatir da attaruhu, doya, kaji, awaki. Masu baro suna ta "hanya, hanya!", masu Keke suna cika ƙarƙashin gada, mutanen ƙauye sun shigo da amfanin gonarsu. A wannan ranar, 'yar'uwar da ta ja mana waƙa ranar Lahadi tana zaune a bayan buhunanta da mudu a hannu. Ɗan'uwan da ya yi addu'a da harsuna har gumi ya jiƙe masa riga yana ciniki da fasinja a bakin tasha. Fasto ba ya wurin. Dattawan ikilisiya ba sa wurin. Ba ganga, ba makirufo.

Tambayata gare ka yau ita ce: a wannan wurin, wane ne kai?

A karatunmu na farko mun ga Yohanna Mai Baftisma a bakin Kogin Urdun. Jama'a sun fito tuli, irin taron da kowane mai bishara yake roƙon Allah ya ba shi. Da ni ne, da na ce a ɗauki hoto. Amma Yohanna bai yaba musu don sun zo ba. Ya tsawata musu da kakkausar murya, ya ce su nuna 'ya'yan tubarsu, kada kuma su dogara da cewa su zuriyar Ibrahim ne. Maganar ta soke su, sai suka tambaye shi abin da za su yi.

Lokacin da nake makarantar tauhidi, wannan wurin ya ba ni mamaki. Ga mutumin da yake zaune a jeji, tufarsa gashin raƙumi, abincinsa fara da zuma. Na zaci zai ce musu su bar sana'arsu su biyo shi jeji su yi azumi. Bai faɗi haka ba. Ya mayar da kowa bakin aikinsa. Mai riga biyu ya ba wanda ba shi da ko ɗaya, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji kada su ƙara ko anini a kan abin da aka ƙayyade. Sojoji kada su ƙwace kuɗin mutane da tsoratarwa ko da ƙazafi, albashinsu ya ishe su.

Kada ka ɗauka abu mai sauƙi ya nema. A mulkin Romawa, sayen aikin karɓar haraji ake yi. Mutum ya biya hukuma kuɗi, a ba shi shingen hanya ko ƙofar gari, duk abin da ya tatsa sama da abin da ya biya, ribarsa ke nan. Saboda haka da Yohanna ya ce kada a ƙara, cikin tukunyar gidan mutumin ya sa hannu. Matarsa za ta ji a kuɗin cefane. Abokan aikinsa za su ce ya haukace, ko kuma su tsane shi don gaskiyarsa tana tona asirinsu. Soja ma haka. Mu a nan Kawo muna maƙwabtaka da hedikwatar Runduna ta Ɗaya ta sojojin Najeriya, muna kuma da 'yan'uwa masu kaki a cikinmu, sojoji da 'yan sanda da sauransu. Muna da ma'aikatan gwamnati da fayil ɗin talaka yake bi ta teburinsu. Ba sai na fassara muku wannan ayar ba. Kun san abin da ake miƙawa a shingen hanya, kun san abin da ake nufi in an ce "ka ga oga tukuna".

Yanzu ka duba aya ta 16. A nan ne Yohanna ya yi albishir cewa Mai zuwa zai yi baftisma da Ruhu Mai Tsarki da wuta. Mu 'yan Fentikos muna ƙaunar wannan aya, kuma daidai ne mu ƙaunace ta, gama alkawarinmu ne. Halleluya! Amma sau da yawa tsalle muke yi daga aya ta 9 mu dira a ta 16. Bakin da ya yi maganar wuta, shi ne ya yi maganar riga ta biyu da kuɗin haraji, a wa'azi ɗaya, ga jama'a ɗaya. Ba a ba mu izinin yanke wa'azin biyu mu ɗauki rabin da ya yi mana daɗi ba.

Annabi Amos kuwa makiyayi ne daga Tekowa, Allah ya aike shi mulkin arewa na Isra'ila a zamanin sarki Yerobowam na biyu, fiye da shekara 700 kafin haihuwar Almasihu. Lokacin arziki ne, wuraren sujada cike suke. Abin da ya kamata ka lura da shi a sura 8 shi ne, 'yan kasuwar da yake magana a kansu ba su karya Asabar ba. Sun rufe shagunansu, sun je sujada. Sai dai jikinsu ne kawai a wurin, zuciyarsu tana lissafin yaushe rana za ta faɗi su koma su rage mudu, su murɗe ma'auni, su haɗa da ƙaiƙayi su sayar wa talaka. Ubangiji kuwa ya rantse ba zai manta da ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ba.

Mu faɗi gaskiya, 'yan'uwa, waɗannan dabarun ba su mutu tare da mutanen Amos ba. Akwai mudun da aka bubbuga wa gindi ya shige ciki, in ka gan shi daga waje cikakke ne. Akwai mai mudu biyu, babba na sayen hatsi daga hannun manomi, ƙarami na sayar wa matar da ta zo da kuɗin awo a ƙulle a bakin zani. Akwai kwandon tumatir da aka jera wa manya masu kyau a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Akwai waken bara da ƙwari suka huda, a gauraya da na bana. Akwai bakanike da zai wanke tsohon ƙarfe ya mayar, ya karɓi kuɗin sabo. Akwai tela da ya san ba zai gama ɗinkin ba kafin Kirsimeti, amma ya karɓi yadin ya ce "jibi in Allah ya yarda", ya sa sunan Allah a cikin ƙaryarsa. Dokar Musa ta hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa ko mudu iri biyu a gidansa (Maimaitawar Shari'a 25:13-16). Ka lura, ajiyewar ma an hana. Allah ya san abin da yake cikin jaka, hannu zai kai gare shi wata rana.

Na san abin da wani yake faɗi a ransa yanzu. "Mai bishara, kai ba ka san kasuwa ba. Wa'azi daban, ciniki daban." Wata 'yar'uwa ta faɗa mini haka a fili, kuma ban yi fushi ba, domin tana da hujja. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya haura, kuɗin dako ya haura, buhun da ka saro yau ba za ka same shi a wannan kuɗin mako mai zuwa ba. Ga haya, ga kuɗin makaranta, ga asibiti. Ta ce in ta cika mudu ta ɗora kuɗi, mai saye zai wuce wurin maƙwabciyarta da take sayarwa da araha da mudun da aka rage.

Abin da na gaya mata shi zan gaya maka. Littafi Mai Tsarki bai hana ka cin riba ba. Ka ɗora kuɗinka a fili, ka ce kaya sun yi tsada, mudu na kaza ne. Mai saye yana da ido, yana da baki, ya taya ko ya wuce. Wannan ciniki ne. Amma in ka bar kuɗin yadda yake ka saci awon a ɓoye, ka karɓi kuɗin abin da ba ka bayar ba. Sunan wannan sata, ko da an buɗe shagon da addu'a an shafa wa ƙofar mai.

Ba kuwa zan yi maka alkawarin da Allah bai yi ba. Ba zan ce in ka gyara mudunka yau, kafin ƙarshen wata za ka sayi mota ba. Wataƙila ka rasa waɗansu masu saye. Wataƙila ribar wannan watan ta ragu. Na ga waɗanda gaskiyarsu ta jawo musu kasuwa daga baya, don mutane sun gane awonsu cikakke ne, na kuma ga waɗanda har yau da ƙyar suke ci. Allah yana ciyar da nasa, wannan na tabbata da shi, na gani a gidana. Amma mu masu wa'azi mun yi wa jama'a laifi da muka koya musu cewa kowace biyayya jari ce da za ta dawo ninki ɗari kafin Lahadi. Yusufu ya ƙi zunubi a gidan Fotifar, abin da ya fara samu kurkuku ne.

Kada ku ce ina jifan 'yan kasuwa ne daga kan bagade. Bari in ba ku nawa labarin, ko da yake ba ya yi mini daɗin faɗi.

Kun tuna farkon shekarar 2023, lokacin canjin takardun Naira, da kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Layi a banki, layi a wurin masu POS, ka tura kuɗi ta waya su maƙale a hanya. A cikin wannan halin abinci ya ƙare a gidana. Na je wurin wani dattijo Musulmi mai sayar da hatsi da na saba saye a wurinsa. Na yi masa bayani. Bai ce komai ba, ya auna mini masara da wake, ya ce, "Je ka, Malam, in kuɗi sun fito ka kawo." Ko rubutawa bai yi ba.

Kuɗi sun fito. Amma kuɗin makarantar yara ya zo, sai tafiyar wa'azi ta zo, sai wani abu ya zo. Kullum ina cewa Talata mai zuwa. Da aka kwana biyu, kunya ta shiga, sai na fara sake hanya. In na shiga kasuwa sai in zaga ta layin masu doya don kada mu haɗa ido. Wata biyar ina wannan zagaye. A cikin watannin nan na yi wa'azin fili, na ɗora wa marasa lafiya hannu, na yi kiran tuba mutane sun fito. Wani dare a addu'ar dare ina ta kuka ga Allah ya buɗe ƙofofi, amma duk lokacin da na rufe ido, fuskar dattijon nan nake gani. Na tsawata wa tunanin, na ɗauka Shaiɗan ne yake raba mini hankali. Da gari ya waye, matata tana zuba mini koko ta ce, "Maigida, ka biya Baba mai hatsi kuwa?" Ban iya shan kokon ba.

Ranar Talata na je da kuɗin. Na gaishe shi, na fara kame-kame. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ina ganin wucewarka ta wancan layin. Yarana sun ce in aika gidanka, na ce a'a, ku bar shi, mai wa'azi ne, zai zo." Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kafin lokacin hatsi ya ƙara tsada sosai, sai na ce zan biya a kuɗin yau. Ya ƙi. Ya ce abin da muka yi ciniki a kai shi kaɗai zai karɓa.

Na koma gida ina tunanin 'ya'yan dattijon nan. Wata biyar suna ganin mai bishara yana zagaye bashi. In wani ya zo ya yi musu maganar Yesu a cikin watannin nan, wane hoto ne zai zo musu? Zabura 37:21 ta sa mai cin bashi ya ƙi biya a layin mugaye. Na sha karanta ayar, na sha wa'azi da ita, ban taɓa sa sunana a wurin ba.

Wannan maganar tana da nauyi na musamman gare mu da muke zaune a wannan gefen kogi. Ina saurayi lokacin rikicin da ya ɓarke ranar 21 ga Fabrairu, 2000. Manyanmu sun tuna yadda aka ƙona makarantar tauhidi ta Baptis a nan Kawo, sun tuna rayukan da aka rasa a garin nan, na Kirista da na Musulmi. Aka sake yi a Nuwamba 2002, aka sake a Afrilu 2011. Iyalai da yawa suka kwashe kayansu suka haye kogi zuwa Sabon Tasha, Narayi, Television, Unguwar Romi, Musulmi da yawa kuma suka baro can suka dawo nan. Garin ya rabu. Mu da muka rage a nan, ko muke hayowa kullum don aiki da kasuwa, ba mu da yawa. Maƙwabcinka ba zai shigo majami'a ya ji wa'azin Fasto ba. Ba zai buɗe wannan ɗan littafin ba. Abin da zai sani game da Almasihu, a wurinka zai gani: a mudunka, a alkawarinka, a yadda kake biyan rabonka na kuɗin wuta a gidan haya, a yadda kake zuwa gaisuwa in an yi masa rasuwa. Manzo Bitrus ya rubuta wasiƙarsa ta fari ga masu bi 'yan kaɗan da suke warwatse a tsakanin mutanen da suke zarginsu, shawarar da ya ba su kuwa ita ce su yi zaman kirki a fili har mai zargi ya rasa abin faɗi (1 Bitrus 2:12).

Mun kuma ga misali a garin nan. Fasto James Wuye na Assemblies of God, ɗan Fentikos kamarmu, ya rasa hannunsa a rikicin 1992. Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a wannan rikicin. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare, suna cikin waɗanda suka yi aiki har shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta 2002. Fasto Wuye bai bar bangaskiyarsa ba. Ya dai ɗauki umarnin gafara da ƙaunar maƙiyi ya fita da shi daga cikin coci ya kai shi inda yake da zafi. Yawancinmu ba za a nemi mu yi abu mai girma haka ba. Abin da ake nema a wurinmu ƙarami ne, kuma shi ne muke kasawa.

A gida ma haka. Akwai 'yar'uwar da ba ta fashin taron Zumuntar Mata, amma yarinyar da take mata aiki ta yi wata uku ba a ba ta haƙƙinta ba, ita ce ta ƙarshe a cin abinci, ita ce ta fari a tashi. Yaƙub 5:4 ya ce ladan ma'aikaci da aka danne yana da murya, kuma muryar tana kaiwa kunnen Ubangiji. Akwai ɗan'uwan da a coci kowa "Allah ya albarkace ka", a gida kuwa in ya shigo yara sai su watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Wannan sai wata rana, yana bukatar nasa darasin.

Kada wani ya ji ni da kuskure. Cikakken mudu ba ya ceton kowa. Da alheri aka cece mu, ta wurin bangaskiya, jinin Yesu ne kaɗai yake wanke zunubi. Amma ka karanta Afisawa 2 har aya ta 10, kada ka tsaya a ta 9, za ka ga an cece mu ne domin ayyukan kirki da Allah ya riga ya shirya mana. Ka kuma tuna a Ayyukan Manzanni 6, da gunaguni ya tashi a kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su ce a nemo masu iya lissafi kawai ba. Sun ce a nemo mutum bakwai cike da Ruhu da hikima. Don rabon abinci! Istifanas, shahidi na fari, daga bakin tukunya ya fara. In ana bukatar cikar Ruhu don a raba tuwo da adalci, to, kai ma kana bukatarta a shagonka, a ofishinka, a kan Kekenka. Ruhun da yake ba ka harsuna shi ne zai riƙe harshenka lokacin da ƙarya ta zo bakinka a tsakiyar ciniki.

To, me za mu yi? Tambayar da aka yi wa Yohanna ke nan. Da Yesu ya shiga gidan Zakka a Yariko, mutumin bai tsaya a kuka da hawaye ba, ya tashi ya yi maganar mayar wa mutane abin da ya zalunce su (Luka 19:8). Ubangiji kuma ya koya mana cewa in ka kawo baiko ka tuna wani yana da magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ka shirya da shi tukuna (Matiyu 5:23-24). Saboda haka kafin Talata mai zuwa, ka samu wuri kai kaɗai da takarda da biro. Ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya tuna maka. Zai tuna maka, kada ka tsawata masa kamar yadda na yi. Ka rubuta sunan wanda yake bin ka. In ba ka da kuɗin duka, ka je da abin da kake da shi, ka dube shi a ido ka ce, "Na yi kuskure, ga wannan, sauran ranar kaza." In mudu biyu ne a rumfarka, ka ɗauki ƙaramin ka fasa shi, kada ka ba wani, kada ka ajiye shi a ƙarƙashin buhu. In kana jin tsoron zuwa kai kaɗai, ka zo ka same ni ko ɗaya daga cikin dattawa bayan sujada, za mu raka ka.

Addu'a: Ya Uba, ka ga rumfata, ka ga aljihuna, ka ga hanyoyin da nake zagayawa don kada in haɗu da waɗanda na ci haƙƙinsu. Ka gafarta mini saboda jinin Yesu. Ka ba ni ƙarfin hali in je wurin mutumin da ka nuna mini yanzu, ka kuma tanada mini abin da zan biya shi. Ka tuna da 'yan'uwana da kasuwa ta yi musu nauyi a wannan lokaci, ka ciyar da 'ya'yansu. Ka ba Kawo da dukan Kaduna salama. Ka cika ni da Ruhunka yau, ka tafi tare da ni kasuwa ranar Talata. A cikin sunan Yesu na roƙa. Amin.